Mai garkar albasa da ya daina barci

A karkara akwai wani yabo da ake yi wa mai ƙwazo. Sai ka ji an ce: "Wane ai ba ya barci." Manomi yana jin daɗin wannan yabo, makiyayi ma haka. Wanda aka ishe kwance da rana kuwa, ko wanda ya shige ɗaka tun bayan isha'i, sunansa rago. Shi ya sa magidanta da yawa suke tsuke barcinsu kamar yadda ake tsuke hatsi in rumbu ya yi ƙasa, suna ganin dabara ce.

Kowa ya san abin da rashin barci yake yi wa jiki. Ido ya yi ja, kai ya yi nauyi, gaɓoɓi su mutu. Ɓarnar da yake yi wa hankali ita ce ba a cika ganewa ba, don ba ta zuwa da sunanta. Tana zuwa da sunan mantuwa, ko saurin fushi, ko zargi, ko baƙin ciki. Wani lokaci ma a ce aljanu ne.

Haka ta faru da wani manomi a fadamar Tarka, cikin jihar Tawa, ba nisa da Madawa. Ba sai an faɗi sunansa ba. Duk mai garka zai gane irinsa.

Ƙasar nan ƙasar albasa ce. Albasar Galmi ta yi suna har Gana da Abijan, kuma tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa a kan noman rani, garake suka ƙara yawa cikin fadamu. Mutumin nan ya gaji ƴar garka wurin ubansa. Shekara da shekaru yana jan ruwa da guga, abin da ya samu yana rufa masa asiri. Mutum ne mai sanyin hali, ba a taɓa kai ƙararsa gaban maigari ba. Matarsa ɗaya, yaransu biyar.

Wata shekara ya ce shi ma zai motsa. Ya ci bashi wurin wani ɗan kasuwa, ya sayi injin ban ruwa, ya ari fili, ya ninka garkarsa biyu. Sharaɗin bashin shi ne a biya da buhunan albasa in an cire. Ya yi dashe cikin watan Disamba.

Daga ranar ya shiga cin bashi na biyu, wanda bai san ya ci ba. Ban ruwa tun kafin asuba. Da rana cirar ciyawa, zuba taki, zuwa neman man inji. Da dare gadi. Ana satar injuna a fadama, kuma lokacin ne dabbobi suke gangarowa daga arewa bayan an saki gonaki. Saniya ɗaya in ta faɗa garka cikin dare ta isa ta ɓata aikin wata guda. Sai ya kafa bukka kusa da injin. Yakan kishingiɗa wajen ƙarfe 1 na dare, motsi kaɗan ya zabura, ƙarfe 4 ya miƙe. Awa uku ke nan, ita ma a gutsure. Masana lafiya kuwa sun ce babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 kowace rana. Samari da ƴan mata suna bukatar 8 zuwa 10, yaran lakkwal ma fiye da haka.

Don ya kori gyangyaɗi sai ya koma ga shayi. Shi da maƙwabcinsa su ɗora buta a kan gawayi, su sha na farko mai ɗaci, su sha na biyu da na uku, ya bi da goro. Shayi da goro da kafe duk suna ɗauke da sinadari ɗaya da ake kira kafeyin. Ba ya biya wa mutum bukatar barci, rufe masa jin gajiyar kawai yake yi. Kuma yana daɗewa a jini: bayan awa biyar ko shida, kusan rabinsa yana nan. Wanda ya sha shayi mai ƙarfi ƙarfe 10 na dare, ko ya samu ya kwanta, barcinsa ba zai yi zurfi ba.

Sati biyu na farko mutumin bai ga komai ba. Har yana cewa jikinsa ya saba. Wannan magana, "na saba", ita ce tarkon. A shekarar 2003, a wata jami'a ta jihar Fensilbeniya a Amurka, an tara mutane masu lafiya, aka bar wasunsu suna barcin awa 6 kawai kowane dare har kwana 14, ana gwada hankalinsu kullum. Kullum kuskurensu ƙaruwa yake. A ƙarshe sun zama kusan kamar wanda ya yi dare guda cur bai runtsa ba. Amma da aka tambaye su, sai suka ce ƴar gajiya kaɗan suke ji. Abin da mutum zai auna kansa da shi, wato hankali, shi ne ya fara lalacewa. To, waɗancan awa 6 suke samu. Mai garka rabin haka yake samu.

Mantuwa ce ta fara shigowa. Ya bar inji yana gudu har ruwa ya kwashe fangali uku. Ya zuba taki sau biyu wuri ɗaya, ganye ya ƙone. Ya ba yaro kuɗin mai, can da la'asar ya ce bai ba shi ba. Dalili kuwa a fili yake. Abin da mutum ya gani ko ya koya da rana kamar damman hatsi ne a zube a gona. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take kwashe su ta kai rumbu, ta jera kowanne wurinsa. In ba a yi barcin ba, suna nan a zube, iska ta ɗauki rabonta, gara ta ɗauki nata. Shi ya sa yaron da ya kwana yana kallon salula ba ya riƙe karatun da mushe ya koya masa jiya, babba ma mai zuwa ajin yaƙi da jahilci haka.

Bayan mantuwa sai fushi. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya koma yana masifa a kan gishirin miya. Wata rana matarsa ta ce masa: "Malam, ka kwana gida yau mana, ƙanenka ya tsare maka injin. Idonka ya faɗa." Ya taso mata kamar ta zage shi. Ya ce so take a sace injin, a kai shi gidan kaso saboda bashi, ta huta. Ta yi shiru. Bayan kwana uku ya sake, wannan karo gaban yara, har ya shure ƙwaryar fura. Ta ɗauki goyonta ta yi yaji.

Mutanen gari suka ce kuɗi ne bai ma zo ba ya fara canza hali. Sun yi masa mummunar fahimta. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar gujiya girma ba sosai, aikinsa tsoro da fushi. Shi ne karen gida, da ya ji motsi sai haushi. A bayan goshi kuma akwai wani sashe, shi ne maigidan da yake leƙawa ya ce wa karen: kwanta, akuya ce. A shekarar 2007, wani masani mai suna Matiyu Woka da abokan aikinsa a jami'ar Bakli ta Amurka sun hana wasu samari da ƴan mata barci kamar awa 35, suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Sai suka ga wurin fushin ya zabura fiye da na waɗanda suka yi barci da kamar kashi 60 cikin 100, kuma igiyar da ta haɗa shi da bayan goshi ta yi sako-sako. Wato kare ya tsinke, maigida ya yi nisa. Maganar da mai barci zai ji ya yi dariya, marar barci sai ya ji ta kamar mari.

Da matar ta tafi, abin ya ƙara dagulewa. Yanzu ko ya kwanta barcin ba ya zuwa, tunanin bashi da na gida suna cin sa. Wani mai tebur a kasuwa ya sayar masa da tramol, ya ce yana ƙara ƙarfi. Tramol maganin ciwo ne mai tsanani, lokotoro ne kawai ya kamata ya rubuta shi. Yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, in an sha da yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, in an tsaya kuma sai ya hana barci. Mai garka ya fara da ƙwaya ɗaya, cikin sati biyu ya kai uku.

Cikin watan Fabrairu ya fara zargin kowa. Maƙwabcin da suke shan shayi tare, ya ce yana karkatar masa da ruwa. Ɗan Fulanin da yake wucewa da shanu nesa da shinge, ya ce leƙen asiri yake. Sannan ya fara jin kofato cikin dare. Ya fito da tocila, ba komai. Ya ga mutum tsaye bakin rijiya, ya matsa, ashe turken da ake rataya guga ne.

Wannan ba sabon abu ba ne wurin masana. A ƙarshen 1963, wani ɗan makaranta mai shekara 17 a garin San Diyego na Amurka, sunansa Randi Gadna, ya ce zai gwada ya ga kwana nawa zai iya yi ba barci. Lafiyarsa lau, ba ya shan ƙwaya. Ya yi awa 264, wato kwana 11, masana suna duba shi. Tun kwanakin farko ya zama mai saurin fushi da mantuwa. Wajen kwana na huɗu ya ga allon bakin hanya ya ce mutum ne. Ranar ƙarshe aka ce ya riƙa cire 7 daga 100. Da ya kai 65 sai ya tsaya, ya ce ya manta abin da yake yi. Da aka gama ya kwanta ya yi barcin fiye da awa 14, gane-ganen suka tafi. Ƙwaƙwalwar da aka hana mafarki a kan tabarma, sai ta fara yin sa ido buɗe.

Wani dare, kwana uku ke nan mai garka kusan bai runtsa ba don ruwan rijiya ya ja baya yana bin sa dare da rana, ya ji motsi cikin albasa. Ya ga wani abu fari yana tahowa. A idonsa saniya ce. Ya ɗauki sanda mai kauri, ya sheƙa, ya rafka da iyakar ƙarfinsa. Sai ya ji: "Wayyo Baba, ni ne!" Babban ɗansa ne, mai shekara goma sha biyu, cikin farar riga. Kakarsa ce ta aiko shi da fura, don ta ji uban bai ci komai ba tun safe. Yaron ya kare kansa da hannu, hannun ya karye.

Kafin gari ya waye labari ya zaga. Wasu suka ce aljanun fadama ne, don ya shiga filin da ba a taɓa nomawa ba. Wasu suka ce sammu ne, masu baƙin ciki da injinsa suka yi masa. Aka kawo turare, aka kawo jiƙe-jiƙe, aka sayar da tunkiya. Ba wanda ya tambayi abu mai sauƙi: yaushe rabonsa da barci?

Lokotoron da ya ɗaure hannun yaron ne ya yi tambayar. Ya dubi uban, ya ga ido ja, hannu yana rawa, ya ce: "Malam, awa nawa kake barci?" Ya ce shi bai ƙirga ba. Suka ƙirga tare. Wata biyu da rabi bai haɗa awa huɗu a dare ɗaya ba. Lokotoro ya tambaye shi ƙwaya, ya ɓoye, daga baya ya faɗa. Aka tsara masa yadda zai rage ta sannu a hankali, don yanke ta rana ɗaya yana da tasa wahala. Aka ce ya bar shayin dare, ya bar bukka.

Uwarsa ce ta cika sauran. Ta ce: "Kai, garkar nan ba ita ta haife ka ba. Shiga ɗakina ka kwanta." Ya ce: "Inna, injin fa?" Ta ce ƙanensa ya riga ya tafi. Ta kori yara daga tsakar gida, ta hana daka kusa da ɗakin. Daren farko ya yi ta juyi. Na biyu ya kwanta bayan magariba, bai farka ba sai da rana ta ɗaga. Bayan sati guda ya daina jin kofato. Abin da ya zo a madadinsa kunya ce, da kuka duk sa'ad da ya ga ɗaurin hannun yaron.

Bai kamata a ɗora wa mutumin nan laifi duka ba. Ba don sha'awa ya ƙi barci ba. Bashi ne ya tsare shi a bukka, da tsoron ɓarawo, da rashin mai taimako. Kuma garin da yake yaba masa yana cewa "ai shi ba ya barci" yana da nasa kaso.

Ba masu garka kawai abin yake ci ba. Makiyayi a bazara, can wajen Abalak ko Dakwaro ko Tanut, yakan kwana bakin rijiya yana jiran layinsa na shayar da dabbobi, da safe kuma ya bi su daji. Sau da yawa yaro ne ake bar wa kiwon dare. To, a ce yaron da bai yi barci ba ya gyangyaɗa, shanu suka kutsa garka, suka ishe manomin da shi ma bai yi barci ba. Kare biyu sun tsinke, ba maigida ko ɗaya. Ɓarnar da za a iya sasantawa da safe gaban maigari da arɗo sai ta zama ta jini. Rikicin manomi da makiyayi yana da manyan dalilai, burtali da aka toshe, fili da ya ƙaranta, amma wanda ya hutu ya fi iya jin magana kafin ya ɗaga sanda.

Masu tuƙi ma haka, direba ko ɗan kabu-kabu. A 1997 masana a ƙasar Ostareliya sun gwada, suka ga wanda ya yi awa 17 ido biyu, hannunsa da idonsa suna yin nauyi kamar na wanda ya sha giyar da a Faransa doka take hana shi tuƙi. Awa 17 kuwa ba wani abu ba ne: daga ƙarfe 5 na asuba zuwa ƙarfe 10 na dare ke nan.

Ga kuma waɗanda ba a ma yi musu yabon. Mace ita ce ta ƙarshe a kwanciya, ita ce ta farko a tashi: daka, rijiya, itace, girki. In tana da jinjiri, dare ma ba nata ba ne. Mai jegon da ta kwana da kwanaki ba barci, ta koma kuka ba dalili, ko ta ƙi jinjirin, ko ta fara sambatu, ba rashin kunya ba ne. Tana bukatar wadda za ta karɓi yaron ta bar ta ta yi barci mai tsawo, kuma tana bukatar a kai ta likita ba da jinkiri ba.

Rashin barci da ciwon baƙin ciki kuwa suna ciyar da juna. A shekarar 2011 masana sun tattara bincike da yawa, suka ga wanda ya daɗe yana fama da rashin barci ya ninka mai barci lafiya sau biyu wajen haɗarin faɗawa wannan ciwo. Shi kuma ciwon yana tayar da mutum tsakar dare ya hana shi komawa. Mai farfaɗiya, rashin barci yana tayar masa da ita. Wanda ya taɓa samun taɓin hankali, ƴan kwanaki ba barci suna iya dawo masa da shi. Saboda haka in mutum ya samu lokacin kwanciya amma barcin ya ƙi zuwa sati bayan sati, ko ya daina jin daɗin komai, ko ya yi barci sosai amma gane-ganen ba su tafi ba, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi likita ranar nan, kar a bar shi shi kaɗai. In abin ya fi ƙarfin likitar gari, akwai manyan asibitoci a Tawa, Maraɗi, Damagaram da Yamai. Addu'a ba ta hana zuwa. Ƙwayoyin sa barci na kan tebur kuma su ma kamu suke yi, kamar tramol.

Ga mai aiki da ba shi da zaɓi, ƙailula tana taimako. Minti 20 ko 30 ƙarƙashin inuwa bayan azahar yana wartsake hankali, ko da yake bai kai barcin dare ba. Cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi yake wuce 40 a ma'auni, kwanan tsakar gida cikin gidan sauro ya fi juyi cikin ɗaki mai zafi. Shayi mai ƙarfi kuma a tsayar da shi tun la'asar.

Mai garka ya cire albasarsa cikin watan Afrilu. Ba ta yi yadda ya so ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ta lalace a kwanakin ruɗani. Ɗan kasuwa ya ɗauki abin da ya samu, sauran bashin ya tsallaka shekara, da ƙarin buhuna a kai. Kawunsa da limamin unguwa suka je biko sau biyu kafin matar ta dawo. Da ta dawo ta ce abu ɗaya take so, kar ya ƙara kwana uku a jere a garka.

Da rani ya zagayo, ya mayar da filin aro. Shi da maƙwabtansa biyu, har da wanda ya zarga da satar ruwa, suka tara injunansu wuri ɗaya da dare, suka raba gadi: kowa dare ɗaya a bukka, dare biyu a gida. Hannun yaron ya haɗe, sai dai ya ɗan karkace, ba ya ɗaga tulu cike da shi. Yana zuwa garka da rana yana taya ubansa dashe. In rana ta faɗi kuwa ba ya yarda ya bi hanyar fadama, don haka tun la'asar ake aika furar.